Tsohon Soja Da Bashin Shinkafar Wata Tara

Yau ba zancen girki ko reno na zo da shi ba, labarin wani tsohon soja ne, ko da ya ke in kun bi ni a hankali za ku ga tukunya ta shigo cikin maganar, har ma a kanta labarin ya ke zaune.

Abin da ya jawo shi kuwa, kwanan baya ne ina cikin aji na tambayi 'yan matana ko akwai wadda ta san Barikin Dalet da ke Kaduna. Hannuwa suka tashi. Na ce Barikin Kalapanzin fa? Suka tashi. Barikin Chindit na Zariya? Nan ma aka sami masu sani, har wata ta ce can yayarta ke aure. To, sai na ce, mene ne ma'anar waɗannan sunaye? Aji ya yi tsit. Can wata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malama, sunayen Turawan da suka gina su ne."

Ban ga laifinta ba, don ni ma haka na ɗauka sa'ad da na ke kamarta. Dalet da Kalapanzin sunayen wurare ne a ƙasar Bama, ba Bama ta Borno ba, wata ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda tun 1989 a ke kira Myanmar. Chindit kuwa sunan wata runduna ce da ta riƙa kutsawa bayan abokan gaba a dazuzzukan ƙasar, kuma a 1944 akwai bataliya uku na sojan Nijeriya a cikinta. Kai, har Barikin Dodan na Ikko, inda shugabannin ƙasar nan suka zauna kafin a koma Abuja a 1991, ba dodon tatsuniya ba ne, shi ma daga Bama aka ɗauko sunan. A waɗannan wurare kakanninmu suka zub da jini a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke ce wa Yaƙin Hitila.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. A 1942 Japanawa suka kori Turawan Ingila daga Bama, suka tura su har bakin iyakar Indiya. Da Ingila ta tashi ƙwato ƙasar sai ta waiwayo Afirka, ta kwashi samari wajen 100,000 ta kai fagen nan. Daga Afirka ta Yamma aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, da mutanen Nijeriya, da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, da na Saliyo, da na Gambiya, amma 'yan Nijeriya suka fi yawa. Wai hujjar Turawa ita ce baƙar fata ya saba da kurmi. Abin dariya abin takaici, da yawa cikinsu 'yan Arewa ne, waɗanda suka tashi a filin Allah ta'ala inda a ke hango mutum tun daga nesa, ba su taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. Saboda yawansu ma Hausa ce harshen bariki a zamanin, har hafsoshi Turawa sai da suka koye ta.

Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba su yi boko ba. Suka dawo, suka koma gona da kasuwa da gadi, suka tsufa, labarinsu ya bi su kushewa. Amma akwai ɗaya da ya zauna ya rubuta nasa, shi ne Isaac Fadoyebo, Bayarabe ne, Kirista, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, a Jihar Ondo ta yanzu. Kada wata ta ce me ya haɗa mu da shi. Ku dai saurara.

An haife shi a watan Disamba 1925. Yaro ne mai kai, ya gama firamare yana son wucewa gaba, amma mahaifinsa bai biya masa kuɗin sakandare ba, sai ya ce ya tsaya ƙauye ya zama ƙaramin malamin makaranta. Yaro ya ga abin bai yi masa ba. Da masu ɗaukar soja suka zo a farkon 1942, sai ya ba da sunansa, yana ɗan shekara 16. Ni da ke riƙe da alli kullum, na ɗan ji zafi da na ga mutum ya gwammace bakin bindiga da bakin allo, amma wadda ta san zuciyar yaro ɗan shekara 16 ba za ta yi mamaki ba. Ku 'yan makaranta ku duba ajinku, sa'anku ne. Ku iyaye kuma ku dubi ɗanku da ke aji huɗu ko biyar na sakandare, wanda har yanzu sai an tashe shi da asuba, irinsa ne aka sa wa kaki.

Da ya ke ya iya karatu da rubutu, ba a ba shi aikin harbi ba, aka koya masa jinya, ya zama irin wanda mu ke kira diresa. Aka sa shi a wani asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 29, wanda ke bin mayaƙa a baya yana karɓar masu rauni. A 1943 suka shiga jirgin ruwa, suka kewaye ƙasan Afirka ta Kudu, suka sauka Bombai, suka ratsa Indiya a jirgin ƙasa, har suka isa yankin Arakan a yammacin Bama, inda kogin Kaladan ke gangarawa teku. Ƙasa ce ta duwatsu da gora da sauro da matsattsaku. Babu hanyar mota sai wadda sojan suka sara da hannunsu, kaya kuwa a ka a ke ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu da laima.

Ran 2 ga Maris 1944 abin ya auku. Mutanen asibitin suna gangarawa kogin a kan gorori da aka ɗaɗɗaure suka zama kamar kwalekwale, suka kwana a gaɓa kusa da wani ƙauye, ba su san Japanawa sun riga sun zagayo ba. Da safe, ba zato ba tsammani, sai ruwan harsashi daga ɗaya gaɓar. Ku tuna fa, masu jinya ne, ba mayaƙa ba. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin ƙafar dama, wani kuma ya same shi a jiki. Wani likita Bature, Kyaftin Brown, ya rarrafo ya taimake shi, ya ba shi ruwa, daga nan Japanawa suka kama likitan suka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba. Da suka zo kan Isaac suka dube shi, sai suka ga wannan ba sai an ɓata harsashi ba, suka bar shi nan ya ƙarasa da kansa.

Bai ƙarasa ba. Hausawa na cewa mai rabon ganin baɗi, ko ana ha maza ha mata sai ya gani. Cikin waɗanda aka bari kwance a wurin, wasu suka cika a kwanakin da suka biyo, aka bar mutum biyu, shi da wani saje mutumin Saliyo mai suna David Kargbo, wanda shi ma aka harbe shi a ƙafafu. Ba mai iya tafiya a cikinsu. Rundunarsu ta ja da baya, ƙasar duk ta koma hannun Japanawa, ga rauni yana ruɓa, ga yunwa, ga damina tana matsowa, kuma daminar can ba irin tamu ba ce, sai a yi kwana da kwanaki ana zuba ba ƙaƙƙautawa.

Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, manoman shinkafa, talakawa, masu magana da wani harshe ɗan'uwan Bangali. Su ne jama'ar da duniya ta sani yau da sunan Rohingya. Yaƙin nan ya riga ya raba Arakan biyu tun 1942: Musulmi suka karkata wajen Ingila, maƙwabtansu mabiya addinin Buda da yawa suka karkata wajen Japan, aka yi kashe-kashe mai muni tsakaninsu. Saboda haka duk Musulmin da aka kama yana ɓoye sojan Ingila ya san abin da zai same shi, shi da iyalinsa, kuma ba a rasa mai kai tsegumi ba. Duk da haka wasu cikin mutanen ƙauyen suka riƙa saɗaɗowa suna kawo wa baƙin nan ɗan abinci da ruwa.

A nan akwai wata magana da ba zan ɓoye muku ba, don shi ma mai labarin bai ɓoye ta ba. Da Isaac da David suka lura mutanen nan Musulmi ne, sai suka ce su ma Musulmi ne. David, da ya ke ya tashi cikin Musulmi a Saliyo, ya san ɗan abin da zai karanta, ya ce sunansa Dauda Ali, Isaac kuma ya zama Sulaiman. Na san wata za ta karanta wannan ta ɓata fuska, ta ce ashe da yaudara aka ci shinkafar. Ni dai ga yadda na ɗauki abin. Yaro ɗan shekara 18, kwance cikin jininsa a ƙasar da bai san kowa ba, ya kama abin da hannunsa ya kai gare shi, ban iya zama a inuwa da cikina cike in yanke masa hukunci ba. Sa'an nan kuma ladan wanda ya ciyar ba ya raguwa don wanda aka ciyar ya sauya suna. Abin da ya fi burge ni shi ne, da ya tsufa ya zo rubuta labarinsa, yana da iko ya share wannan wuri ba wanda zai sani, amma ya rubuta shi yadda ya ke.

Cikin masu kawo abincin akwai wani mutum mai suna Shuyiman. Shi ne bai gaji ba. Ya riƙa zuwa da shinkafa, yana kawo maganin gargajiya yana sa musu a rauni, daga baya da ya ga zaman daji zai kashe su, sai ya yi abin da ba wanda ya yi, ya kwashe su ya kai su gidansa. In an ji Japanawa na kusa a ɓoye su, in sun wuce a fito da su. Haka aka yi ta yi har watan Disamba. Daga ranar harbi zuwa ranar ceto wata tara ne.

To, 'yan'uwana mata, a nan na ke so mu ɗan zauna. Littafi da fim duk sunan Shuyiman su ke kira, kuma ya cancanta, Allah ya saka masa. Amma Shuyiman yana da mata da 'ya'ya a gidan nan, kuma duk wadda ta taɓa riƙe gida ta san abin da a ke nufi in an ce maigida ya kawo baƙi. Shi zai ce a shigo da su, ya fita. Ke za ki auna hatsi ki ga wanda a da ke kai ku jibi yanzu gobe zai ƙare. Ke za ki ƙara ruwa a miya. Ke za ki san cikin yaranki wa za a rage wa. Baƙon kwana uku ma ya ya aka ƙare, balle ƙarti biyu majiyyata, waɗanda ba su iya tashi su kewaya da kansu, ga warin rauni a ɗakin gora, ga harshe ba ɗaya ba, a shekarar yaƙi da shinkafa ta zama zinariya. A 1943, shekara guda kafin wannan, yunwa ta kashe mutane wajen miliyan uku a Bangal, maƙwabciyarsu ta yamma. A irin wannan zamani ne matar nan ta riƙa ɗora tukunya da rabon mutum biyu da ba danginta ba.

Kuma ba girkin kaɗai ba. Asiri a gidan ƙauye a hannun mace ya ke. Maƙwabciya za ta shigo aron wuta, ta ga kwano ya fi na jiya yawa. A bakin rafi za a tambaya. Yaro ƙarami zai fita wasa, bakinsa ba shi da linzami. Da matar nan ta yi subul da baka sau ɗaya, ko ta yi fushi da miji ta kai ƙara gidansu kamar yadda wasunmu kan yi a kan abin da bai kai wannan ba, da zance ya ƙare, da an kashe baƙin an haɗa da masu masauki. Wata tara ta riƙe bakinta, tsawon cikin haihuwa guda. Mu da ke cewa baƙonka annabinka, in aka kawo mu wannan gwaji, ban san mu nawa za mu haye ba, ni kaina ban yi wa kaina alkawari ba.

A watan Disamba 1944 sojan ɓangaren Ingila suka sake shigowa kwarin Kaladan, aka sami mutanen nan biyu da rai, abokansu da suka daɗe da fid da rai suka yi ta murna. Aka ɗauke su cikin gaggawa zuwa asibiti a Indiya. Yadda yaƙi ya ke, ba a tsayawa dogon sallama. Isaac ya rabu da Shuyiman ba tare da ya gode masa yadda ransa ke so ba, kuma ba su sake ganin juna ba har abada. Wannan abu ya tsaya masa a rai fiye da harsashin.

A gida kuwa an riga an aiko cewa ya ɓace, ana zaton ya mutu, an yi kuka an haƙura. Sai ga shi a 1945 ya sauko Emure-Ile yana ɗingishi. Mutane suka ƙi taɓa shi, sai da suka ɗebi ƙasa suka watsa masa, don a al'adarsu in fatalwa ce za ta ɓace. Bai ɓace ba, sa'an nan aka rungume shi. Na kan yi tunanin matan gidan nan a wannan rana, da irinsu a Kano da Katsina da Bauci da Yola, waɗanda wasu aka ce musu ya mutu ya dawo, wasu kuwa aka ce yana nan tafe, suka yi ta duban hanya har ido ya dushe.

Dawowa daga yaƙi wani yaƙin ne. Sojan Bama da yawa sun komo suna tsammanin aiki da girma, suka tarar ba haka ba, ɗan kuɗin sallama ya ƙare, wasu suka lalace a tasha da gidajen giya, har a Kudu sunan yaran Bama ya zama abin kiran 'yan tauri da marasa ji. Ba na zaginsu, wanda ya ga abin da suka gani ba a yi masa gaggawar hukunci. Isaac yana da kowace hujja ta bin wannan hanya. Bai cika shekara 20 ba, ƙafa ta nakasa har iyakar rai, karatun da ya so bai samu ba. Amma sai ya nufi Ikko, ya sami aikin gwamnati a Ma'aikatar Ƙwadago, ya riƙe shi shekara da shekaru har ya yi ritaya. Ya yi aure, ya kafa gida a unguwar Surulere, Allah ya azurta shi da 'ya'ya mata, ya sa su makaranta, ya rayu har ya ga jikoki sun kewaye shi.

In an faɗe shi haka a layi uku sai ya zama kamar ba kome. Mu da ke cikin gidaje mun san ba ƙaramin abu ba ne namiji ya fita kowace safiya da ƙafa mai ciwo, ya shiga cunkoson Ikko, ya dawo da albashinsa gida bai biya da shi wani wuri ba, wata bayan wata, har yara su girma. Ba a ba da lambar girma a kan wannan, ba a sa wa bariki sunansa. Kuma ku lura da abu guda: mutumin da rashin kuɗin makaranta ya jefa shi bakin mutuwa, da ya zama uba, 'ya'ya mata ya samu, bai kuwa ce karatun mace asara ba ne. Ina faɗin wannan ne don iyayenmu maza da na san ana karanta musu wannan fili da dare, ko su karanta a ɓoye in mun tafi kicin. Kowace shekara ina rasa yarinya mai kai daga ajina, ba don ta kasa ba, sai don an ce kuɗin ya fi amfani a kan ɗan'uwanta.

Duk tsawon shekarun nan Shuyiman na ransa. Ya zauna ya rubuta abin da ya same shi tun daga farko, aka buga shi a Amurka a 1999 da taimakon wani masanin tarihi Bature, David Killingray, da sunan A Stroke of Unbelievable Luck, watau sa'ar da ta wuce hankali. Ɗan ƙaramin littafi ne, bai yi wani suna ba, ya kwanta a ɗakunan karatu. Can sai wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Nijeriya, ya ci karo da shi a ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke Landan. Ya karanta, ya ce bari ya bincika ko mai littafin na da rai. Ya same shi a Surulere, tsoho mai shekara 80 da 'yan kai, hankalinsa garau, yana tuna kome.

Tsufa ya hana Baba Fadoyebo doguwar tafiya, saboda haka ya rubuta wasiƙar godiya zuwa ga iyalin Shuyiman, ya danƙa wa ɗan jaridar. A 2011 Phillips ya shiga Myanmar, a lokacin da hukumar ƙasar ba ta maraba da 'yan jarida, ya hau kogin Kaladan yana tambaya ƙauye ƙauye, da sunan mutum guda da labarin shekara 67 da suka wuce. Ni da aka ce in yi caca, da na ce ba zai samu ba. Ya samu. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa da jikokinsa na nan, kuma ba su bukaci a yi musu dogon bayani ba, don labarin baƙaƙen soja biyu da aka ɓoye a gidansu yana nan ana ba yara. Aka karanta musu wasiƙar, aka yi kuka. Phillips ya komo Ikko da hotunansu da saƙonsu ya nuna wa tsohon. Gidan talabijin na Aljazeera ya nuna wannan tafiya a fim a shekarar, daga baya kuma a 2014 Phillips ya fitar da littafi a kai mai suna Another Man's War, watau yaƙin wani.

Sunan nan ya dace. Yaron Owo da saje na Saliyo da manomin Arakan, ba ɗayansu da aka yi shawara da shi kafin a fara yaƙin, ba kuma ɗayansu da ƙasarsa ke da 'yanci a lokacin. Ingila da Japan ke rigimarsu, aka haɗa su a ɗaki guda.

Wani abin da ke sosa mini rai shi ne yadda zamani ya yi da gidajen biyu. Zuriyar wanda aka ɓoye ta tashi a Ikko cikin 'yanci da karatu. Jama'ar wanda ya yi ɓoyon kuwa, dokar zama ɗan ƙasa da Bama ta kafa a 1982 ta bar su ba su da ƙasa a garin da aka binne kakanninsu. A 2012, shekara guda bayan isar wasiƙar, rikici ya sake ɓarkewa a yankin, wanda yanzu a ke kira Jihar Rakhine, aka ƙone ƙauyuka. A 2017 kuma sojan Myanmar suka far musu, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, mata da goyo a baya suna ratsa ruwa. Sa'ad da mu ke jin sunan Rohingya a rediyo muna cewa Allah sarki mu wuce, ashe akwai ɗan ƙasarmu da ya rayu da shinkafarsu, akwai kuma gida guda a Surulere da ba don su ba da babu shi.

Baba Fadoyebo ya rasu a watan Nuwamba 2012, yana da shekara 86, saura 'yan makonni ya cika 87. Abokin wahalarsa David Kargbo ya riga shi da shekaru masu yawa. Wasiƙar da ta tsaya masa a rai tun yana saurayi ta isa, amsa kuma ta dawo ta same shi da rai, da tazarar shekara guda kacal.

Kowace ran 15 ga Janairu a kan yi bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su yi jawabi. Sojan Bama da suka rage da rai yanzu sai a ƙirga su da yatsu, don ko wanda ya shiga yana ɗan 16 kamar Isaac ya kai shekara ɗari ko ya kusa. Amma matansu na baya-baya suna nan a wasu gidaje, 'ya'yansu suna nan, kuma akwai na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da yawa da ke zaune a zaurukanmu ba mai tambayarsu kome. Na ba 'yan ajina aikin hutu, kowace ta je ta sami tsoho ko tsohuwa a danginsu ta tambaya. Wata ta dawo da labarin wata akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon kakarta, wadda tun tasowarta a ke hana su taɓawa. Da aka buɗe sai ga lambobin yaƙi sun yi tsatsa, da takardar sallama, da hoton wani saurayi siriri cikin kaki da hula mai faɗin baki, wanda yarinyar ba ta taɓa sanin kakanta ya yi kama da shi ba. Tsohuwar ta ce shekara arba'in ta yi da shi, kuma duk daren da aka yi tsawa ba ya barci, sai ta tashi ta zauna tare da shi har gari ya waye, ba ta taɓa gaya wa ko 'ya'yanta ba sai ran nan.

Duk wadda ke da irin wannan akwati a gidansu, ko irin wannan tsohuwa, ta rubuto mana a wannan fili. Ki faɗi garin da aka ɗauke shi soja, da shekarar in an tuna, da inda aka kai shi, da sana'ar da ya kama bayan ya dawo, kada kuma ki manta da wadda ta jira shi. In tsohuwar ba ta son a buga sunanta, ba za a buga ba. Sai mun sake saduwa.